Mil Ɗari Daga Sakkwato: Tarihin Awon Nisa a Tasawa da Mayahi

A ƙasashen da ake buga wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan wasa: wace na'urar auna nisa ya kamata mutum ya saya? Filin wasan yana da ramuka 18, kuma ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba, kowace sanda da iyakar inda take kai ƙwallo. Idan ya ɗauka tsakaninsa da rami yadi 150 ne alhali 140 ne, zai zaro sandar da ba ita ba, ƙwallo ta zarce ta faɗa yashi ko tafki. Saboda yadi goman nan ake zuba kuɗi a kan na'ura.

Na'urorin iri biyu ne. Ɗaya kamar ƙaramin madubin hangen nesa take, tana harba hasken leza zuwa tutar da ke kafe a rami, ta lissafa lokacin da hasken ya ɗauka ya je ya dawo. Ɗayar kuma da GPS take aiki, galibi a agogon hannu: tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta gane inda mutum yake tsaye, ta gwada da taswirar filin da aka riga aka zuba mata. Hukumomin da ke tsara dokokin wasan, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, sun daɗe ba su yarda da ko ɗaya ba. A 2006 suka ba masu shirya gasa damar halatta su in sun ga dama. A 2019 aka shigar da halaccin cikin dokar kanta, amma da sharaɗi: na'ura ta faɗi nisa kawai, kada ta lissafa wa ɗan wasa tudu da gangare.

Na san yaran Korgom da na Kanambakashe ba golf ne a gabansu ba. Amma tambayar da 'yan golf ke yi, wato da me za a auna, kuma wa zai yarda da awon, tsohuwar tambaya ce a ƙasarmu. Abin da ake asara a nan in awo ya karkace ya wuce ƙwallo: gona ce, burtali ne, zumunci ne, wani lokaci har rai. Hatta iyakar da ta raba mu da Katsina awo ne ya haife ta. Shi ya sa nake so mu bi tarihin nan tare, malamai da iyaye, don mu san abin da za mu koya wa yara a kai.

Ma'aunin da ke jikin mutum

Kakanninmu ma'auninsu a jikinsu yake. Ƙaramin abu a auna shi da taƙi ko dani, wato buɗin yatsun hannu. Masaƙi da mai sayar da ƙyalle suna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Mai haƙar rijiya da mai tufkar igiya suna da gaba, wato buɗe hannuwa biyu iyakar buɗewarsu. Fili da taku ake auna shi. Tafiya mai nisa kuwa da zango ake lissafa ta, a ce gari kaza zango uku ne, ko tafiyar yini ce, ko ta hantsi.

Zango ya cancanci a tsaya a kansa. Tasawa tana kan hanyar ayarin gishiri da ke saukowa daga Abzin ta Damargu, ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Madugu ba ruwansa da tsawon hanya a miƙe. Abin da yake lissafawa shi ne ko raƙuma da jakai za su kai ga ruwa kafin duhu. Zango ɗaya a cikin yashi mai laushi ya fi gajarta a kan zango ɗaya a fako, amma duka biyun zango ne, domin wahalarsu ɗaya. Awo ne da ya haɗa nisa da ruwa da ƙarfin dabba a kalma guda.

Malaman zaure su ma suna da nasu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san matafiyi ba ya yin ƙasaru sai tafiyarsa ta kai baridi huɗu, wato mil 48, kuma Juma'a tana wajaba a kan wanda ke cikin mil uku daga gari. Ke nan kalmar mil ta riga Nasara zuwa ƙasar nan, ko da yake mil ɗin littattafan fiƙihu ba daidai yake da na Ingilishi ba.

Raunin wannan awo a bayyane yake. Gaban mutum kusan tsawonsa ne. Idan mai tsawon mita 1.70 ya ce rijiya gaba 30 ce, yana nufin mita 51. Idan mai mita 1.85 ya faɗi haka, mita 55 da rabi yake nufi. Wanda ya sayi igiya da gaban gajere ya je rijiyar da dogo ya auna, gugansa ba zai taɓa ruwa ba, kuma a ƙauyukan arewacin Mayahi da Urafan, inda rijiyoyi ke da zurfi, wannan ba abin dariya ba ne. Sai dai maganin raunin yana tare da shi: ma'aunin a fili yake, kowa na ganinsa. In ba ka yarda da kamun mai saye ba, ka miƙa naka hannun, ko a kira na uku ya raba gardama. A gona ma haka. Girmanta da yawan damin da take bayarwa ko tiyoyin irin da take ci ake faɗinsa, iyakarta kuma layin gamba ne, ko wata aduwa, ko wani gawo, da dattawan da suka ga ranar da aka sare dajin.

Baƙo mai agogo da littafi

A tsakiyar watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su su uku, shi da James Richardson da Adolf Overweg, suka taso daga Tarabulus a 1850, suka sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri. A Damargu Richardson ya nufi Damagaram. Overweg ya wuce Maraɗi da Gobir. Barth kuma ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu.

Kayan awon Barth agogo ne da kamfas mai nuna arewa da littafin rubutu. Yana bisa dabba yana rubuta inda aka fuskanta da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin hanya ta karkata, sannan ya fitar da nisa daga saurin tafiyar ayari. Inda bai taka da ƙafarsa ba kuwa, fatake da alhazai da malamai yake zaunarwa su lissafa masa garuruwa zango bayan zango, yana rubutawa. Da littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, da taswirorin da August Petermann ya tsara, ilimin madugai ya koma layuka a takarda.

Daga nan wani abu ya canza. A da, wanda ya san nisan Tasawa zuwa Katsina shi ne wanda ya sha ruwan rijiyoyin da ke tsakani. Yanzu kuma mutumin da bai taɓa ganin Gulbin Kaba ba yana iya shimfiɗa takarda a tebur a Landan ko Paris, ya auna ƙasar da ɗan katakon ja layi, ya yanke mata hukunci.

Da'irar Sakkwato

Haka kuwa aka yi. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya zauna a ɓangaren Ingila. Nan da nan gardama ta tashi kan inda ikon Sakkwato ya tsaya. Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris, suka warware ta irin yadda ɗan aji yake yi a darasin lissafi: aka kafa tsinin kamfas na zane a tsakiyar birnin Sakkwato, aka buɗe shi mil 100, kimanin kilomita 161, aka ja da'ira. Daga inda da'irar ta haɗu da layin digiri 14 ta gabas, iyaka ta bi layin mil 70, ta sauko kudu zuwa digiri 13 da minti 20, ta sake miƙewa gabas mil 250.

Duk wanda ya ɗora wannan layi a kan taswirar yau zai ga abin mamaki. Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi sun faɗa ɓangaren Ingila, Mayahi da Tasawa kuma ɓangaren Faransa. Maraɗi da Tsibiri, waɗanda suka shafe ƙarni na 19 suna yaƙi da Sakkwato, an haɗa su da ita a jaka ɗaya. Tasawa kuma an raba ta da Maraɗi, alhali sarautarsu gida ɗaya ce ta Katsinawa, domin a cikin shekarun 1890 ɗin nan ne Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya dawo Tasawa da zama.

Da'irar ba ta da aibu a takarda. A ƙasa kuwa ta bar wa Faransa hanyar da ba ruwa. Ayarin da zai taso daga bakin kogi zuwa Damagaram dole ya kewaya ta arewa, ta wajen Tawa, ya ratsa dogayen wurare da ba rijiya. Rundunar Voulet da Chanoine da ta taso a 1899 zuwa Cadi ba ta ma tsaya ga layin ba. Ta gangaro inda ruwa da hatsi suke, tana ƙona garuruwa tana kashe mutane: Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu, Birnin Ƙonni a watan Mayu, har ta iso ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli 1899 a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. Layin da aka ja a Paris bai kare ko gari ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙona ba, har da waɗanda takarda ta ce ba na Faransa ba ne.

Faransa ta ci gaba da neman hanya mai rijiyoyi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda a matso da iyaka kudu. Takardar ta ambaci wani wuri kilomita 15 kudu da Maraɗi, a jimla ɗaya da mil 70 ɗin da aka gada daga 1898, wato ma'auni biyu a layi guda. Ta kuma ce a kula da yadda ƙasashen suke a rabe, ta yadda mutanen Tasawa da Maraɗi da na Damagaram za su zauna a ɓangaren Faransa gwargwadon iko. An sake gyara layin ranar 29 ga Mayu 1906. Daga nan Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, suna duban taurari da dare don tabbatar da inda suke, suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Tafintansu Landeroin ya riƙa zama a fadoji yana rubuta tarihin sarautu. A 1910 aka sa hannu a kan sakamakon.

Ku duba inda aka ƙare. Bayan shekara ashirin ana ja ana gogewa, sai da aka koma ga tambayoyin madugu: ina rijiya take, kuma mutanen nan na wane sarki ne? Kamfas bai yi ƙarya ba, mil ɗarinsa cif yake. An dai ɗauko shi ne a aikin da ba nasa ba. Kuma a duk zaman da aka yi, babu mutumin Tasawa ko na Mayahi da ya ga ma'aunin, balle ya ce bai yarda ba.

Yadda mita ta shigo

Ita mita da muke koyarwa a lakwal, asalinta neman adalci ne. Kafin juyin juya halin Faransa kusan kowane gari da nasa ma'aunin, masu ƙasa kuma suna karɓar hakkinsu daga talaka da mudun da suka ga dama. A 1791 aka yanke cewa za a ɗauko ma'auni daga duniya kanta: kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka auna daga Dunkerque zuwa Basalona tsakanin 1792 da 1798, a 1799 aka ƙera sandar mita ta farin ƙarfe mai daraja. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita. Tun 1983 kuma da haske ake bayyana ta: haske yana tafiyar mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya. Yadin 'yan golf ma tun 1959 da mita aka ɗaure shi, yadi ɗaya mita 0.9144 ne, mil ɗaya kuma mita 1,609.

Mu kuwa ba da fuskar adalci ta zo mana ba. Da kwamanda ta zo. Tasawa ce mazaunin mulkin Nasara na wannan yanki har 1927, lokacin da aka mayar da shi Maraɗi. Kilomita ta shigo tare da hanyoyin da aka share da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Kilo ya shigo tare da sikelin gyaɗa, wanda mai saye ne kaɗai ke iya karanta shi. Idan ka ga tsoho yana zargin duk wanda ya shigo gona da abin awo a hannu, kada ka ce jahilci ne. Yana da dalili.

Yau babbar hanya ta ɗaya ta ratsa Tasawa, alamomin gefenta suna cewa Maraɗi kimanin kilomita 120 ce. Amma tambayi mai zuwa kasuwa nisan wani ƙauye, zai ce maka awa biyu a amalanke, ko ya faɗa maka kuɗin kabu-kabu. Zango ne ya canza riga. Ga kuma gadon iyakar nan: a Katsina da Daura har yanzu da ƙafa ake faɗin fuloti, hamsin a ɗari, wato kimanin murabba'in mita 465, mu kuwa da mita muke yanka fili. Mafi hatsari ita ce kalmar eka. A Najeriya eka murabba'in mita 4,047 ce. A bakin mutane da yawa a nan kuwa, in an ce eka, hekta ake nufi, mai murabba'in mita 10,000, kusan ninki biyu da rabi. 'Yan'uwa biyu, ɗaya a Hawandawaki ɗaya a Kano, za su iya yin cinikin gonar gado ta salula, kowa ya ajiye waya yana ganin sun fahimci juna.

Da ƙasa ta yi ƙaranci

Muddin akwai dajin da za a sare, taku biyar a bakin gona ba abin faɗa ba ne. Wannan zamani ya wuce. Tun 1961 gwamnati ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya sararinsu. A shekarun 1970 Claude Raynaut da abokan aikinsa na Jami'ar Bordeaux sun yi nazarin ƙauyukan jihar Maraɗi, suka nuna yadda gonaki ke cinye saura da makiyaya. A ƙidayar 2012 jihar ta kai mutum miliyan 3.4, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma siririn lungu.

Jihar nan ta ga ƙarshen abin da rikicin gona da kiwo ke jawowa. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta gundumar Gidan Rumji, an kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda aka fi sani da Code Rural, ta samar da kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, a matakin gunduma da komin da ƙauye. Su ke ba da takardun shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina, su ke shata burtali a kafa turakun siminti. A 2010 aka ƙara dokar kiwo.

A nan ne GPS ta shigo gonakinmu. Sojan Amurka ne suka ƙirƙire ta, ta kammala a 1995 da taurari 24. Da farko da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskure ya kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 aka daina. Yau wayar hannu a fili, ba rufi ba inuwa, tana iya nuna inda kake da kuskuren da ke kaiwa kimanin mita biyar. Yaro ya zagaya gona da waya, ta ce masa hekta kaza, har da ɗigo da lambobi biyu a baya. Lambobin nan suna da kwarjini, kuma kwarjinin ne abin tsoro.

Mu yi lissafi. Gona mai faɗin mita 50 da tsawon mita 100 rabin hekta ce, murabba'in mita 5,000. Idan na'ura ta gusar da dogon gefe ɗaya da mita uku kacal, murabba'in mita 300 sun tashi daga hannun wani sun koma na maƙwabcinsa, kashi 6 cikin 100 na gonar. In ana shuka rami ɗaya a kowace mita, ramukan gero 300 ke nan duk damina. Mita ukun da ɗan golf zai yi tsaki a kansu ya wuce, a nan abincin gida ne.

Kowane aiki da ma'auninsa

Ɗan golf da ya san abin da yake yi ba ya tambayar wace na'ura ta fi tsada. Yana duba abin da zai auna da kuskuren da zai iya ɗauka. Leza tana ba shi nisa da kuskuren da bai wuce yadi guda ba, domin tuta mai nisan mita 150 haske yana zuwa ya dawo cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, na'urar kuma tana iya ƙirga wannan. Amma sai abin da ido ke gani take aunawa, kuma hazo yana dame ta. GPS tana aiki ko tudu ya tare, amma kuskurenta ya fi yawa, kuma in taswirar da ke cikinta ta karkace, ita ma ta karkace. Manyan 'yan wasa ma ba su yar da taku ba. Jack Nicklaus tun farkon shekarun 1960 ya shahara da auna fili da ƙafarsa yana rubutawa a ɗan littafi.

Mu ma haka ya kamata mu zaɓa. Tsawon burtali, girman makiyaya, nisan ƙauye zuwa lakwal ko gidan likita, da ajiye shaidar inda gona take, duk aikin GPS ne, mita biyar ba ta ɓata komai a cikinsu. Faɗin burtali tsakanin turke da turke, leza ko dekamita sun fi dacewa, in ba ƙurar hunturu, in kuma gero bai rufe ido ba. Iyaka tsakanin ƙananan gonaki biyu kuwa, ban ga abin da ya kai igiyar da aka gwada da dekamita ba, a ja ta a gaban masu gona biyu da shaidu, a kafa alama nan take. Igiya tana miƙewa in an ja ta da ƙarfi, don haka a riƙa sake gwada ta. Akwai GPS ta ƙwararrun masu awon ƙasa da ke kaiwa ga santimita, amma ba ita ce a aljihun yaranmu ba.

Akwai kuma darasi a dokar golf ɗin nan: tun kafin a buga ƙwallon farko kowa ya san na'urar da aka halatta da abin da aka hana ta yi. A rabon gado ko cinikin gona, a daidaita a kan ma'auni kafin a fara awo. In an bari sai lamba ta fito, wanda ba ta yi wa daɗi ba ba zai taɓa yarda da ita ba.

Roƙona ga malamai da iyaye

Ga 'yan'uwana malamai: darasin awo ba na allo ba ne kawai. Abin da nake yi da 'yan CM1 ba ya cin ko dala. Muna shimfiɗa mita 20 a filin lakwal, kowane yaro ya taka sau uku, ya rubuta yawan takunsa, ya san nawa ne nasa a mita 100. Kowa ya auna gabansa da kamunsa da santimita, mu jera a allo, su ga da idonsu dalilin da ya sa aka nemi ma'auni guda. Muna ƙulla igiya gida 12 daidai wa daida, mu ja ta uku da huɗu da biyar, kusurwa ta fito a miƙe kamar ta magini. In akwai waya, mu auna filin ƙwallo da ita sau uku, sannan da igiya, su kwatanta. Yaron da ya ga waya ta ba da amsa uku a fili ɗaya ya koyi abin da zai tsare masa gona wata rana. Tun da kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mu riƙe kalmomin gaba da kamu da taƙi da zango a cikin aji, kowacce a gefen kimarta ta mita, mu kuma rarrabe wa yara eka da hekta tun yanzu.

Ga iyaye: ku zagaya iyakar gona da 'ya'yanku, maza da mata, tunda duka magada ne. Ku nuna musu gamba da itacen da ke shaida, ku faɗa musu wanda ya halarci rabon. Ranar da 'yan Kofo za su zo awo, a kira maƙwabta, a tafi da yaron da ke lakwal ya karanta lambar da idonsa. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi mai awo irin na'urar da ke hannunsa da yawan kuskurenta, ka kuma nemi a maimaita. Takardar da aka ba ku a adana ta inda gara da ruwa ba sa kaiwa.

Addininmu bai ɗauki awo da wasa ba. Sura guda ce a Alƙur'ani, Muɗaffifina, aka sa wa sunan masu tauye ma'auni, kuma hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani. A 1898 an auna ƙasar nan ba tare da masu ita sun ga ma'aunin ba. Yaran da ke gabanmu a aji su ne za su zauna a Kofo, su raba gado, su sa hannu a takardun filaye nan da shekara ashirin. Allah Ya sa su iya awo, su kuma ji tsoron tauye shi.